Kayan da Afiniki Ta Dawo da Su

Afiniki ba ta so tafiyar ba tun farko, kuma ba ta ɓoye ba. Ranar da 'yarta Miriyam ta zo Madakiya ta gaya mata cewa ta samu aikin jinya a Saudiyya, Afiniki tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Asibitin naku ya rushe ne?" ta ce.

"Bai rushe ba, Mama. Amma rabona da albashi tun kafin Ista. Ko auduga ba mu da ita, sai mai ciwo ya sayo da kansa. Shekara biyu ce kawai zan yi in dawo."

"Babanki ma da ya tafi gyaran layin dogo cewa ya yi zai dawo da yamma."

Azariya, mahaifin Miriyam, ya daɗe da rasuwa a bakin aikinsa, kuma cikin 'ya'yan da Afiniki ta haifa ita kaɗai ta rayu. Da noman acca da kiwon aladu aka yi mata makarantar jinya. Yanzu, a daminar 1993, tana da shekara ashirin da takwas, ga aiki a Kafanchan, amma kowane ƙarshen wata sai ta zo gida ta ɗebi hatsi kamar 'yar makaranta.

Da Afiniki ta ga ba za ta iya hana tafiyar ba, sai ta koma ga abin da ta iya. Ta shiga Kafanchan ranar kasuwa, ta nufi rumfar Hajiya A'i, mai sayar da kayan miya. Sun yi shekara da shekaru suna ciniki. Rikicin da aka yi a garin ya raba mutane da yawa, su ma sun ɗan yi wata da watanni ba su gaisa sosai, daga baya suka koma kamar da, ba wadda ta taɓa tayar da zancen. A'i ta taɓa zuwa Makka, ita kaɗai ce wadda Afiniki ta sani da ta ga ƙasar da idonta.

"Me suke ci a can, Hajiya?"

"Burodi da shinkafa mara gishiri," in ji A'i. "Wallahi Maman Miriyam, da na dawo zanena sai da na ninka shi. Ba daddawa, ba kuka, ba yaji na kirki. In kina son 'yarki, ki haɗa mata na gida."

"Jirgin zai ɗauka?"

"Jirgi? Ai gari guda ne. Mu da muka dawo har da masu darduma da rediyo da jarkoki. Ba wanda aka hana."

Ran Alhamis Afiniki ta kai babbar aladiyarta kasuwar Katsit ta sayar, wadda take haifa mata 'ya'ya duk shekara. Da kuɗin ta dawo rumfar A'i ta sayi daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono. A'i ta san inda kuɗin ya fito, ba ta tambaya ba, ta ƙara mata gyara mai yawa. Accar kuwa ta gonarta ce. Ta surfa ta, ta wanke ta a rafi har sai da ba tsakuwa ko ɗaya, ta shanya a kan dutse, ta zauna tana korar kaji.

Labari ya bazu a zumuntar mata ta majami'a. Wannan ta kawo citta daga wajen 'yan uwanta a Kwoi, waccan ta kawo riɗi, wata ta kawo ƙuli-ƙuli. Maman Zamani, tsohuwa wadda ba ta da komai sai amya biyu a bayan gida, ta kawo zuma cike da kwalba, ta toshe bakin da totuwar masara da leda. Kafin ranar tafiya kaya sun cika manyan jakunkunan leda uku, irin masu zanen ja da shuɗi.

Da Miriyam ta gan su sai ta dafe kai.

"Mama, ba za a bar ni in shiga da wannan ba. Tikitin mai araha ne, kilo ashirin aka rubuta. Akwatina kaɗai ya kai."

"Hajiya ta ce jirgi gari guda ne."

"Na alhazai daban ne. Wannan ƙarami ne, daga Jos zuwa Legas. A Legas ma za a sake aunawa."

"To a auna mana. Kayan sata ne?"

Miriyam ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ga mata sun shigo gidan da waƙa da tulun kiɗa, Fasto na biye da su. Aka yi addu'a, aka yi kuka, kowace ta nuna mata abin da ta kawo. A gaban waɗannan fuskoki ba ta iya cewa komai ba. Ta bari aka loda jakunkunan a bayan motar Dogara, maƙwabcinsu mai tasi, a ranta tana cewa in sun isa za ta san yadda za ta yi.

Afiniki ta shiga motar ita ma, da zanen zumunta da sabon ɗankwali. Ba ta taɓa wuce Kagoro ta wannan hanyar ba. Tun daga Gidan Waya take shirya maganar da za ta yi wa 'yarta a ƙarshe. Fasto ya yi tasa addu'ar, amma ita tana so ta ɗora hannu a kan Miriyam ta sa mata albarka da yarensu, ta kuma ce mata maganar da ta yi game da babanta ba da zuciya ɗaya ta yi ba. A Hawan Kibo motar ta yi zafi, Dogara ya tsaya ya zuba ruwa, suka jira injin ya huce. Miriyam tana ta duba agogo. Afiniki ta ga ba lokacin magana ba ne, ta bari sai sun isa.

Sun isa a makare. Ɗakin filin jirgin cike yake da mutane masu kwat da manyan riguna, kowa na ture kowa zuwa gaban kanta. Dogara ya shigo da jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin kamfanin, wani saurayi mai laktaya, ya ɗora akwatin Miriyam a sikeli, ya gyaɗa kai. Ya ɗora jakunkunan, allurar sikelin ta zagaya ta tsaya can ƙasa. Ya danna 'yar na'urar lissafi, ya faɗi kuɗin ƙarin kaya. Ya fi kuɗin tikitin kansa.

"Me ya ce?" in ji Afiniki.

Miriyam ta gaya mata. Afiniki ta matsa gaban kantan ta gaishe da saurayin da ladabi.

"Ɗana, abinci ne. Ba na sayarwa ba ne. Yarinyar nan za ta ƙasar da ba ta san kowa ba."

"Mama, ko mene ne, nauyi nauyi ne. A biya ko a sauke. Akwai mutane a bayanku."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da abin da ya rage na kuɗin aladiya, ta ajiye a kan kantan. Saurayin ya dube shi bai taɓa ba.

"Wannan ko rabin jaka ɗaya ba zai biya ba."

"To a zaɓi na rabin jakar," ta ce.

Kafin Miriyam ta hana ta, ta ja jaka ɗaya ta zuge zif, ta durƙusa a tsakar ɗakin ta fara fito da ƙulle-ƙullen. Acca dole ta tafi. Daddawa dole ta tafi. Cittar Kwoi ba za a bari ba, matar za ta ji haushi. Ta buɗe jaka ta biyu tana neman zumar Maman Zamani. Warin daddawa ya tashi ya cika wurin. Wata mata mai tabarau ta toshe hanci da hankici ta yi magana da Turanci, waɗanda ke kusa suka yi dariya.

"Mama, ki tashi," in ji Miriyam da ƙaramar murya. "Ki bari kawai."

"Yanzu zan gama."

"Za a rufe. Sun sayar da tikiti fiye da kujeru, wanda ya makara ya rasa. In na rasa wannan na rasa na Legas."

"Zumar kawai nake nema."

Ta same ta. Tana ɗagowa wani mai sauri ya bangaje ta da akwatinsa, kwalbar ta suɓuce ta fashe a kan siminti. Zuma ta malala ta shiga ƙarƙashin takalman mutane, ta taɓa ledar acca wadda ita ma gilashin ya yanka, acca ta fara zuba. Wani ya yi tsaki. Mai laktaya ya ɗaga murya ya ce a kwashe wannan shara daga gaban kanta. Can waje aka buɗe ƙofar fita, mutane suka ruga.

Miriyam ta juyo, idonta ya yi ja, ta yi magana da Hausa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Na gaya miki! Tun a gida na gaya miki, ba kya jin magana! Kin ga abin da kika ja min? Ki kwashe tarkacenki ki koma ƙauye, ba na so, ko ɗaya ba na so!"

Afiniki ta sunkuyar da kai tana tara accar da tafin hannu, tana ware gilashi, don kada a tattake. Ta ɗauka yarinyar na tsaye a kanta. Ta ce a ranta bari ta gama tarawa, fushin ya sauka, sai ta tashi ta yi mata addu'ar. Da ta ɗago, Dogara ne kaɗai a wurin, yana riƙe da hularsa.

"Ta shiga, Mama."

Ya kai ta bakin taga. Can nesa mutane na gudu a kan kwalta zuwa matakalar jirgin, riguna na kaɗawa. Ta nemi farar rigar Miriyam ba ta iya bambance ta ba. Ta tsaya da zuma a hannuwanta har jirgin ya juya, ya yi ƙara, ya tashi. Wata mai shara ta zo da bokiti ta ce su matsa.

A hanyar dawowa, bayan sun sauko daga dutse, Dogara ya ce, "Tsoro ne ya sa ta, Mama. Ba daga zuciyarta ba ne." Afiniki ta ce ya kula da hanya. Da suka kusa Kafanchan ta ce ya bi ta kasuwa.

Ba za ta iya shiga Madakiya da jakunkunan nan ba. Kowace mace a zumunta za ta gane ƙullinta. A'i tana shirin rufe rumfa ta gan su, ta ga fuskar ƙawarta, ta ajiye tsintsiya.

"Innalillahi. Ba ta tafi ba?"

"Ta tafi. Kayan ne ba su tafi ba."

A'i ta zauna a kan benci. "Ni na ce miki jirgi zai ɗauka."

"Ke kika ce, ni na ji. Ki ajiye min su, Hajiya. Ki sayar a hankali. Kada kowa ya sani."

Ta roƙi Dogara shi ma, ya yi alkawari, ya kuma riƙe. Ran Lahadi bayan sujada mata suka kewaye ta. Ta ce komai ya shiga, Miriyam na gaishe su, ta yi kuka don godiya. Maman Zamani ta riƙe hannunta ta ce, "Zumar fa? Ba ta zube ba?" Afiniki ta ce a jakar hannu ta sa ta. Duk lokacin da A'i ta ba ta kuɗin abin da ta sayar, sai ta zuba shi duka a baikon majami'a, don ba nata ba ne, kuma ba ta da hanyar mayar wa masu shi.

Saƙo ya zo bayan wata biyu ta hannun wani direba: Miriyam ta isa lafiya, aiki da yawa, ga ɗan abin sayen sabulu. Ba wata magana bayan wannan. Afiniki ta sa aka maimaita mata, ko akwai abin da aka tsallake. Babu.

Da lokacin aikin Hajji ya zo, Nuru ɗan A'i ya samu kujera. Afiniki ta kawo masa acca mudu biyu a ƙulle, ta ce wannan kam ba nauyi. Ya karɓa da hannu biyu. Da ya dawo ya zo har Madakiya ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Garin da Miriyam take yana can arewa, tafiyar yini guda a mota, kuma ba a barin alhazai su fita daga inda aka ajiye su. Ya nemi wanda zai kai bai samu ba. A ƙarshe wasu tsofaffi 'yan Zariya da suka kasa cin abincin can ya ba, suka yi fate. Afiniki ta ce ya yi daidai, Ubangiji ya sa musu albarka.

Shekara biyun suka cika, Miriyam ba ta dawo ba. Kuɗi na zuwa jefi-jefi. Aka yi wa ɗakin Afiniki rufin kwano, mutane suna wucewa suna cewa ta haifu. Ba ta sake sayen aladiya ba. Gonar accar ma ta rage ta zuwa rabi, ta ce gwiwa ce.

A shekara ta uku wata abokiyar aikin Miriyam mai suna Hellen, 'yar Samaru Kataf, ta zo hutu. Ta kawo atamfa da maganin gwiwa, ta kuma ce Miriyam ta bar Saudiyya ta koma Ingila, takardunta ba su gama daidaita ba, in ta fito ba za a bar ta ta koma ba. Amma za ta kira a ofishin waya na Kafanchan ran Asabar mai zuwa.

"Tana maganata?" in ji Afiniki.

"Kullum, Mama."

"Me take cewa?"

Hellen ta ce, "Tana cewa kina da ƙoƙari."

Ran Asabar A'i ta bar wa jikarta rumfa ta raka ta. Suka zauna a benci tun safe, suna kallon mutane na shiga ɗan akwatin katako suna ihu a cikin waya. Afiniki ta gaya wa A'i abin da za ta faɗa. Za ta ce ba ta riƙe ta da komai ba. Za ta ce ita ce ta yi kuskure da ba ta saurara ba. Sannan za ta sa mata albarkar da ba ta samu ta sa mata ba, ko ta waya ce Ubangiji zai ji. A'i ta ce hakan ya yi.

Rana ta karkata kafin ma'aikacin ya kira sunanta. Ta shiga ta riƙe wayar da hannu biyu. Muryar ta zo daga nesa, tana makara, kamar mai magana daga cikin rijiya. In Afiniki ta fara magana sai ta ji Miriyam ma ta fara, sai su yi shiru tare, sai su sake farawa tare.

"Mama, kina jina? Yaya gwiwar?"

"Da sauƙi. Kina cin abinci?"

"Ina ci. Kwanon ba ya yoyo?"

"Ba ya yi."

Suka yi maganar ruwan sama, da wanda ya mutu, da wanda ya yi aure. Sai muryar Miriyam ta canza.

"Mama, ranar nan a Jos. Abin da na faɗa miki."

Afiniki ta ji 'yarta na shirin kuka. Ba ta taɓa iya jure kukan yarinyar nan ba tun tana goye. Ga ma'aikacin yana kallonta ta gilashi, ga mutane a layi. Ta bar duk abin da ta shirya, bakinta ya yi abin da ya saba.

"Wace rana? Ni na manta. Bar wannan zancen."

"Kin manta?"

"Tuni. Ke dai ki yi aikinki."

Sannan Miriyam ta ce, da murya wadda ta koma daidai, "To, Mama. Katina ya kusa ƙarewa. Zan aiko da saƙo kafin Kirsimeti. Ki gai da kowa."

"Miriyam," in ji Afiniki. Amma ƙarar da ke cikin wayar ta riga ta zama ɗaya, doguwa.

Ta fito. A'i ta tashi ta ce, "Kin faɗa mata?" Afiniki ta gyara ɗankwalinta ta ce su tafi kada ta rasa mota. A bakin tasha ne ta ce, ba tare da ta dubi A'i ba, "Ita ta kawo maganar da kanta. Ni na rufe."

"Za ta sake kira."

"Za ta kira."

Ta kira sau ɗaya bayan haka, amma ranar ruwa ya cika rafi, mota ba ta fito daga Madakiya ba, sai Dogara ne da ke gari ya amsa.

Afiniki ta rasu a kakar 1997. A gona aka same ta, zaune ta jingina da kunya, lauje a gefenta. Miriyam ta aiko da kuɗin akwati mai kyau da na abincin baƙi, ta ce takardun har yanzu ba su fito ba. Aka cika majami'a. Shugabar zumunta ta tashi ta ce Mama Afiniki ta ga alheri a rayuwarta, ta haifi 'ya ɗaya wadda ta fi goma, wadda ba ta taɓa mantawa da uwarta ba ko da rana ɗaya. Jama'a suka ce amin.

A'i tana waje a ƙarƙashin bishiya tare da Nuru, tana jin komai ta taga. Da aka fito da akwatin ta miƙe tsaye har ya wuce. Dogara ya zo ya gaishe ta, suka dubi juna. Aka kawo mata ruwa ta sha, ta yi wa dangi ta'aziyya, sannan ta ce wa Nuru ya nemo musu mota, tana so ta isa gida kafin la'asar.